Jakin Yaya da Shingen Ƙarfe

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma ne, wata ranar Laraba, fitowarmu ke nan daga sallar la'asar. Mu huɗu ne a gindin bedin, wato dogon yaron, da ke bakin hanya: ni, da mai unguwarmu, da maƙerin unguwa, sai taubashiyarmu, ɗiyar kawu, wadda ke tuyar kifi a wurin tun kafin a zuba wa hanyar gudro, wato kwalta. Na san lokacin ne domin na duba agogo. Ba na faɗin lokacin da ban duba ba.

Ƙarar birki muka fara ji, doguwa, irin mai kashe haƙori. Muka waiwaya gaba ɗaya. Wata babbar mota ce, kamiyo, shaƙe da buhunan albasa ta ja ta tsaya daidai lanƙwasar hanya, tsakanin hancinta da amalanken yayana bai fi kamu ɗaya ba. Amalanken ya gitta hanya. Jakin ya ɗora haɓarsa bisa sabon shingen ƙarfe, ko kunne bai kaɗa ba. Shi kuwa Yaya yana zaune tsakanin kwandunan salati da tumatir, hula ta rufe masa goshi. Ya ɗaga kai ya ce, "Mun iso ne?"

Direban ya leƙo ta taga, gumi ya jiƙa shi sharkaf. "Baba, gida kake nema ko lahira?"

"Gida, ɗana," in ji Yaya. "Amma ka yi magana da jakin, shi ke tuƙi."

Taubashiyarmu ta dafe ƙirji tana kiran sunan Allah, can kuma ta tuntsire da dariya har kifinta ya ƙone a kasko. Ni ban yi dariya ba. Na je na kama igiyar jakin na ja shi gefe, na ba direban haƙuri, ya wuce yana girgiza kai.

Yanzu sai in koma baya in jera maganar yadda ta zo, don ba na son labari mai tsalle-tsalle. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, amma na yi shekaru a wani biro ina kai takardu daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma a can na koyi cewa abin da ya fara faruwa shi ake fara faɗi.

Unguwarmu tana gefe ɗaya na hanyar da ta shigo Madarunfa, lambuna suna ɗaya gefen, ta wajen tafki. Daidai inda hanyar ta lanƙwasa, a gefenmu, akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar gina rabin gidajen unguwa. Tsakanin kududdufin da katangar taubashiyarmu wata 'yar turba ta gangara, wadda ƙafar mutane da kofaton jakuna suka fitar tun zamanin kakanni. Ta nan kowa ke ƙetarewa zuwa lambu. Da aka zuba gudro motoci suka ƙara gudu, har wata damina wata ƙaramar mota ta kasa shan lanƙwasar ta zarce cikin kududdufin. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, sai dai direban ya fito da kainuwa a ka. Bayan wannan ne masu aikin hanya suka zo suka kafa shingen ƙarfe, dogo, ya bi lanƙwasar duka. Ya rufe bakin kududdufin, ya rufe bakin turbar tare.

Da farko ba wanda ya damu. Mai ƙafa biyu ɗaga ƙafa yake ya tsallake. Kafin a jima ma shingen ya sami ayyukan da masu kafa shi ba su san da su ba: mata na shanya a kai, masu awaki na ɗaure awaki, samari na zama a kai suna lilo da ƙafafu wajen mota. Na yi magana a kan wannan har miyau ya ƙafe mini. Masu amalanke ne suka ji jiki, don dole su bi gefen hanya har can ƙarshen shingen, inda gudron ya miƙe, su ƙetare, su shigo ta lungun bayan gidaje. Sun yi gunaguni, amma suna da ido, suna da sanda, suka karkata jakunansu.

Yaya ne bai da wannan dama. Shekarun baya yanar ido ta sauka masa a idanu biyu. Yana bambanta rana da inuwa, yana gane mutum da murya, iyakarta ke nan. 'Ya'yansa maza suna ci-rani. Lambunsa kuwa bai bari ba: ya san kowane fangali da tafin ƙafa, ya san nunar tumatir da ɗan yatsa. Tsakanin gida da lambu jakin ne idonsa. Da safe a ɗaura amalanke, ya hau ya ce mu je, jaki ya kai shi. Da la'asar maƙwabtan lambu su ɗora masa kaya, ya hau, ya gyara hula, ya shiga gyangyaɗi, jaki ya kawo shi har ƙofar gida. Ba sanda, ba tsawa. Tun jakin yana ƙarami suke haka, ga shi yanzu bakinsa ya yi fari.

Tun da aka kafa shingen, ni ke zagayawa da su da safe, da yamma kuma wani cikin masu lambu ya riƙo igiyar. Ranar Larabar nan kowa ya ɗauka wani ne zai riƙo. Jaki ya bi hanyar da ya sani, ya hau gudro, ya tarar da ƙarfe, ya tsaya jiran a buɗe masa.

Washegari bayan azahar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Maza suka zauna a tabarmi, dattawan mata suka zauna daga gefen zaure, taubashiyarmu a gabansu da matsamin kifinta a hannu. Ko mantawa ta yi ba ta ajiye ba, ko da gangan ta zo da shi, ban tambaya ba.

Maƙeri ya fara, shi ne bakin masu amalanke. "Ranka shi daɗe, maganar ba ta da tsawo. Gaɓa ɗaya za a kwance, kusoshi ne kawai. Turbar ga ta girmi gudro, ta girmi wanda ya zuba gudron. Bawan Allah ga shi zaune, jiya saura kaɗan mu yi masa sutura."

"Kai dai faɗi gaskiya," in ji taubashiyarmu. "Ƙarfen kake wa ido. Hauya nawa ka ƙera da shi a zuciyarka?"

Aka yi dariya, har shi maƙerin. Ta ɗaga matsami ta ci gaba. "Ƙofar da aka buɗe wa jaki an buɗe wa yaro. Jikokina in an taso su daga lakwal ba su duba gabas, ba su duba yamma. Yanzu ƙarfen ga na tsai da su, ko don su hau su yi wasa. Ku buɗe, gobe 'yan moto su fara kutsowa ta nan. Kuma in mota ta zarce, katangata ce ta farko."

Yaya ya juya fuska wajen muryarta. "Baiwata, kin ƙi aurena tun muna yara, yanzu kuma hanyata za ki toshe?"

"Bawana, da na aure ka da yanzu ni ke jan amalanken."

Sai da mai unguwa ya buga sanda a ƙasa kafin aka natsu. Ya dube ni ya ce, "Kai da ka zauna da masu takarda, mi ka gani?"

Na miƙe tsaye, don ba na magana a taro daga zaune. Na ce, na farko, shingen ba namu ba ne. Na biyu, ba don jaki aka kafa shi ba, don mota aka kafa shi, kada ta faɗa ruwa ko gidan mutane. Na uku, wanda ya taɓa shi zai yi bayani gaban hukuma, kuma in an tambaye ni zan faɗi abin da na gani. Na zauna.

"To," in ji Yaya, "ɗan'uwana ciki ɗaya ya yi magana. Allah shi ƙara ilimi."

Mai unguwa ya yanke hukunci kamar haka. Ƙarfe ba za a taɓa ba. Jaki kuma ba zai sake tsayawa kan gudro ba. Riƙon igiya na kowa da kowa an ga abin da ya jawo, saboda haka ba za a dogara da shi ba. Daga ranar zuwa kamawar watan azumi, lokacin da motocin kayan lambu ke yawa, in jakin ya koyi sabuwar hanya shi kaɗai, madalla. In bai koya ba, Yaya ya sauka daga amalanke, ya ba wani lambun ya noma, a riƙa kai masa rabonsa gida.

A hanyar komawa ina riƙe da hannun Yaya har muka kai zaure. Ya lalubi bango ya zauna, ya ce, "Ranar da aka zaunar da ni nan ana miƙo mini tuwo, ranar ka nemo masu haƙa kabari." Daga nan ya daina ce mini ƙanena. In zai kira ni sai ya ce, "Ina Malam Na-farko-na-biyu?" Yaran unguwa suka ɗauka.

Tun da bakina ya jawo, na ɗauki koyar da jakin a wuyana. Na tsara abin tsaf. Kullum da la'asar in je lambu, in kama igiya, mu zo mararrabar da tsohuwar turba ta rabu da sabuwa, in tsaya, in karkata shi, in yi masa bayani. Muddin igiya na hannuna bina yake kamar ɗan lakwal mai ladabi. Da na saki na ja baya, sai ya kaɗa wutsiya ya nufi gudro. Na gwada tsawa. Na gwada sanda sau ɗaya, Yaya ya ji ƙararta ya ce, "In ka sake, ni ka buga." Na sassaro ƙaya na toshe bakin tsohuwar turbar. Jaki ya tsaya ya cinye ganyen cikin natsuwa, ya ture sauran da ƙirji. Sabo turken wawa, in ji mutane, amma na rasa ni da shi wane ne a ɗaure.

Watan Sha'aban ya raba, ba abin da ya sauya. Yaya ya rage cin abinci. Masu amalanke suka ga lokaci na ƙurewa, sai wata rana da hantsi, ido na ganin ido, maƙeri ya fito da kile na kwance kusoshi a hannu, mutum biyu na bin sa, ya durƙusa gaban kusoshin. Bai kai ga juya na farko ba, taubashiyarmu ta sauke kasko, ta zo ta haye gaɓar ta zauna daram, ta gyara zane.

"Kwance ni tukuna."

"Iya, don Allah sauka, ƙarfen da zafi."

"Na fi shi."

Kafin ka ce kwabo mata sun fito daga lunguna, wannan da jiƙaƙƙen wanki, wannan da tabarma, waccan da jika a goye. Aka shanya, aka zazzauna, har ba a ganin ƙarfen. Maƙeri ya dubi kile, ya dubi uwayensa mata jere a gabansa, ya sa kilen aljihu. Tun da ya riga ya zo, sai ya sayi kifi.

Da yammar ranar na kawo Yaya ta gaban kaskon taubashiyarmu, labari ya riga ya kai masa tun a lambu. Ya ce in tsai da amalanke. "Baiwata, na ji kin iya hanawa. To wanda ya iya hanawa shi iya koyarwa. Ga ɗalibi nan."

Ta zagaya jakin tana dubansa daga kunne har kofato. "Na yaye ɗiya, na yaye jikoki, wanga tsoho zai gagare ni? Ƙanenka da baki yake koyarwa. Jaki da ciki yake karatu."

Washegari ta bar kifi a hannun maƙwabciya, ta ƙetare zuwa mararraba da ƙwaryar dusa, an yayyafa mata ruwan kanwa. Jaki ya iso, ya shinshina, ta ba shi baki ɗaya ta janye ƙwaryar, ta kama sabuwar hanya tana kaɗa ta. Ya bi ta kamar an ɗaura masa zare a hanci. Sai dai dusa ba abin banza ba ce a garinmu. Kowace mace tana da akuyar da take kiwo, kuma dusar gidanta ta akuyarta ce. Mace ɗaya ba ta iya ciyar da jaki har azumi. Sai taubashiyarmu ta yi abin da matanmu ke yi da kowane abu mai nauyi, ko biki ko rasuwa: ta raba shi gida-gida. Kowane gida na lungun zai fito da tafi ɗaya na dusa a ƙofa, ita kuma ta riƙe na ƙarshen shinge. Ta haka ba akuyar da za ta rame. Tsarin ya burge ni ƙwarai, har na bi lungun da kaina ina gaya wa kowace wadda take bi da wadda ke bin ta.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Da farko tana gaba yana biye. Daga baya ta daina ƙetarewa, sai ta tsaya a ƙarshen shingen ta gefenmu tana kaɗa ƙwarya, ni kuma ina tafe a bayan amalanke hannuna a aljihu. In ya ƙetaro ta ba shi nata, ya shiga lungu, ƙofa ta farko a fito masa, ta biyu a fito masa, har gida. Gashinsa ya fara sheƙi.

Ranar ƙarshen Sha'aban mai unguwa ya ce yau za a gani. Ba ƙwarya, ba kira, ba riƙon igiya. Ya tsai da ni a wannan bakin lanƙwasa da jan ƙyalle don tsai da motoci, ya tsai da maƙeri a wancan bakin. Unguwa duka ta fito, ta jeru a bayan shingen.

Can muka hango amalanken tafe. Yau Yaya ba ya gyangyaɗi. Yana zaune a miƙe, hannuwa bisa gwiwa, leɓɓansa na motsi. Jaki ya iso mararraba ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi tsohuwar turba, ya dubi ƙarfen da jama'ar da ke bayansa. Wata mata ta toshe wa jikanta baki da tafin hannu. Jakin ya kaɗa kunne ɗaya, ya kaɗa ɗayan, ya yi atishawa, sannan ya karkata ya kama gefen hanya. Ya bi har inda gudro ya miƙe, ya ƙetare a hankali, ya sauka ta gefenmu.

Guɗa ta tashi. Maƙeri ya jefa ƙyallensa sama. Mai unguwa ya ce, "Ya ci." Yaya ya cire hula ya shafa fuska da ita, ya daɗe bai mayar ba.

Muka bi su a baya cikin lungu ana ta barka. A ƙofar farko jaki ya tsaya.

"Mu je," in ji Yaya. Bai motsa ba.

Matar gidan ta leƙo ta ce, "Yau babu, mai unguwa ya hana." Jaki ya dube ta, ya gyara tsayuwa. Samari suka tura amalanken ta baya, ya kafe ƙafafu. Aka ja ta gaba, ya miƙar da wuya kawai. Sai da ta shiga ta ɗebo dusa ya lashe, sannan ya taka zuwa ƙofa ta biyu ya sake tsayawa. Haka muka bi lungun nan gida-gida, bai tsallake ko ɗaya ba, bai kuma sauya jeri ba. Ana kiran magariba muka isa, mutane sun fara ɗaga kai neman wata.

Ba a yi nisa cikin azumi ba sai ga mata a ƙofar mai unguwa, taubashiyarmu a gaba. "Ranka shi daɗe, koyarwa muka ce, ba mu ce ciyarwa har abada ba. Awakinmu sun fara duban mu da wani ido."

Maƙeri yana gefe ya ce, "Da kun bar ni na kwance gaɓa ɗaya, da yanzu awakinku sun yi ƙiba."

Mai unguwa ya shafa gemu. "Cewa na yi kada shi tsaya kan gudro. Ban ce kada shi tsaya ƙofar gida ba. Ku kuka yi masa karatun, ku je ku ji da ɗalibinku."

Yaya ne ya kashe wannan rigimar ba tare da taro ba. In jaki ya tsaya aka fito da dusa, sai ya sa hannu a kwando ya miƙa kan salati ko tumatir biyu. Ga azumi, kowane gida na son ɗanyen ganye a buɗa-baki. Wadda ta karɓi kyauta sai ta ce a ƙara mata na saye. Kafin su kai gida rabin kayan ya ƙare, abin da a da sai ya jira 'yan sari da safe su taya yadda suka ga dama. A kowace ƙofa kuma sai an yi gaisuwa an taɓa hira, har ya zama ya fi ni sanin wanda ya yi baƙo da wanda ɗansa ya aiko daga ci-rani. Gida ɗaya ne matar ta rantse ba ta ƙara ba da ko ƙwayar dusa, kuma ta cika rantsuwarta. Duk da haka jakin yana tsayawa a ƙofarta ɗan lokaci kafin ya wuce, kuma ban ga laifinsa ba, don jeri jeri ne. Wani maraice Yaya ya lalubo hannuna ya danƙa mini tumatir ya ce, "Ƙanena, wannan naka ne, kai ba sai ka kawo dusa ba."

Har yau yana zuwa lambunsa, yana dawowa shi kaɗai. Abu ɗaya ne ya rage wanda ba mai unguwa ba, ba mata ba, ba wanda ya iya gyara shi daga cikin unguwa. Jakin ya koyi inda zai ƙetare, amma bai koyi duba mota ba, mai shi kuma ba ya gani.

Saboda haka ina da roƙo gare ka, mai karatu. In kana tuƙa mota ko moto, ka shigo Madarunfa bayan la'asar, da ka hango shingen ƙarfe ka rage wuta tun daga nesa. In ka ga amalanke da tsoho a kai yana ƙetarewa, ka taka birki ka jira, kada ka danna oda, don jaki in ya ji oda tsayawa yake cak. Ƙetarewar ba ta da daɗewa. In sun sauka daga gudron, ka yi wa tsohon sallama ta taga, sannan ka wuce.